Filin Shawarwari: Iyo a Dam ɗin Bakolori, Sau Ɗaya Mai Tsawo ko Gajeru Sau Uku?

Ni tela ne a Talata Mafara. Tun da na kalli gasar nan ta iyo da keke da gudu a waya, lokacin wasannin Olamfik na Faris, abin ya shiga raina, har na ƙudurta sai na yi ƙaramar: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Gudu ba ya ba ni wahala, keke kuwa da shi nake zuwa Bakura gaida gwaggona. Iyo ne ya tsaya mini a wuya. Na iya irin na yarinta, kai a sama, amma kafin in ci mita ɗari numfashi ya ƙare. Shago ba ya barina, ranar Talata kuma ko ruwan sha sai an miƙo mini saboda kasuwa. Abin da zan iya warewa a mako bai wuce awa shida ba, biyu daga ciki na ruwa. Yanzu ranar Juma'a da safe nake hawa babur zuwa dam, in yi awa biyun a haɗe, in dawo jiki a mace, kafaɗa na zogi, mako ya zagayo kamar ban taɓa shiga ba. Wani abokina ya ce in raba lokacin gida uku ko huɗu, amma hanya tana cin lokaci, tana cin mai. Wani kuma ya ce in riƙa faɗawa kanal tunda ya fi kusa. Malam, mi za ni yi?

Daga wani tela, Talata Mafara

AMSA

Abokin farko ya fi gaskiya. Na biyun, mai maganar kanal, a gode masa kawai a wuce. Za a zo kansa.

Mutumin da ke gudun kilomita biyar ba tare da ya tsaya ba, huhunsa lafiya lau ne. In ya sheme a mita ɗari cikin ruwa, hannu ne bai zauna ba. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, saboda haka ƙaramin kuskure a kwanciyar jiki yana da tsada. Mai iyo da kai a sama, ƙafafunsa nutsewa suke yi, sai ya zama yana jan kansa a tsaye-tsaye maimakon ya zame a kwance. Kuma yawanci yana riƙe numfashi ne a ƙirji, ya jira sai ya ɗago sannan ya fitar ya shaƙa a lokaci guda, abin da ke kawo haƙi tun ba a je ko'ina ba. Awa biyu a haɗe ba ta gyara wannan. Minti ashirin ko talatin na farko ne jiki ke koyon abu. Da gajiya ta shigo, gwiwar hannu ta faɗi, ƙugu ya nutse, sauran lokacin duk maimaita kuskure ake yi, kafaɗa ce ke biyan bashin. Sannan a yi kwana shida ba a taɓa ruwa ba.

Telan da kansa ya san haka a shagonsa. Yaron da ake koya wa taka keken ɗinki, in yana zama rabin awa kullum, ƙafarsa za ta faɗa kafin ta wanda ke zuwa ranar Asabar kaɗai ya wuni. Masana ma sun gwada. A 1978 Alan Baddeley da abokin aikinsa Longman sun wallafa binciken da suka yi kan ma'aikatan gidan waya na Birtaniya da ake koya wa buga na'urar rubutu. Waɗanda aka ba awa ɗaya a rana sun ƙware cikin awoyi kaɗan, idan aka haɗa jimilla, fiye da waɗanda aka tsare awa huɗu a rana. Masu horar da 'yan iyo kuma suna da maganar da suka daɗe suna yi: shiga biyu a mako tana riƙe abin da aka iya, ta uku ce ke ƙarawa.

To, ga rabon awa biyun. Gajeru biyu na minti 30 zuwa 35, da mai ɗan tsawo ɗaya na minti 50, kuma a bar kwana ɗaya ko biyu a tsakani. Alal misali Lahadi, Laraba da Juma'a, tunda Talata ta kasuwa ce.

A gajerun, ya tsaya inda ruwa ya kai ƙirji. Ya fara da sa fuska cikin ruwa yana fesar da iska ta hanci da baki har sai ta ƙare, ya juya kai gefe ya shaƙa, kunne ɗaya na cikin ruwa. Abin zai ba yaran bakin ruwa dariya, ya bar su su yi. Daga nan ya kafa sanda biyu a gaɓa, taku talatin tsakaninsu, wato kusan mita 25, ya riƙa iyo daga wannan zuwa waccan a gefen gaɓa, yana hutawa daƙiƙa ashirin, sau takwas zuwa goma sha biyu. Ya ƙirga bugun hannunsa a kowane zuwa. In ya fara da 26, ya ga ya koma 31 ko 32, ranar ta ƙare, ya fito ko da agogo bai cika ba. Wannan ƙidayar ta fi agogo faɗin gaskiya, kuma ba ta buƙatar ko sisi. Ranar Juma'a ce ta tsawaitawa: mita 100 sau huɗu, bayan 'yan makonni mita 200 sau uku, a hankali har 750 ta zo a tashi ɗaya ba tsayawa. A ranar ne kuma zai koyi ɗaga ido duk bayan bugu shida ko takwas ya nemi wata bishiya ko dutse a gabansa, don a buɗaɗɗen ruwa babu layin da zai bi, mutum kan yi ta karkata bai sani ba.

Kada kuma iyo ya cinye sauran awa huɗun. A cikakkiyar gasar Olamfik, mai mita 1,500 a ruwa, kilomita 40 a keke da 10 a ƙasa, ƙwararru kan gama cikin kimanin awa ɗaya da minti 45, iyo kuwa bai fi minti 20 ba daga ciki. Ba a cika cin gasar a ruwa ba. Abin da ake nema shi ne a fito da sauran ƙarfi.

Saura maganar hanya, wadda ita ce ainihin kukansa. Babur ne ke mayar da ita asara. In ya hau kekensa, tafiyar ta shiga lissafin horon keke, komawa gida da jiƙaƙƙen wando kuwa shi ne daidai abin da gasar ke tambaya: a fito daga ruwa kai na ɗan juyawa, a hau keke nan take. In duk da haka zuwa uku ya gagara, ya yi biyu, Litinin da Juma'a, na minti 45 kowanne, ya cike gurbin da tsohon tiyub na keke. A yanka shi, a ɗaura a ƙarfen taga, a sunkuya, a riƙa ja da hannu biyu daga gaba zuwa cinya, gwiwar hannu a sama, minti goma tsakanin ɗinki da ɗinki. Ba ya maye gurbin ruwa, amma yana ƙarfafa kafaɗar da ke zogi.

Har ila yau, duk wanda ke zaune a wannan yanki ya san hanyoyin ɓangaren Maradun ba a bin su da ka a 'yan shekarun nan saboda 'yan bindiga. Ranar da mutanen gari suka ce a dakata, jadawali ya dakata. Fita da duku-duku shi kaɗai ba ta cikin shawarar wannan fili.

Yanzu kanal. Manyan hanyoyin ruwan da ke kai wa gonakin shinkafa na Mafara da Bakura an yi su ne don ruwa ya gudu, gefensu siminti ne mai gangara, gansakuka ta sa shi santsi, wanda ya gaji ba shi da abin kamawa. Akwai ƙofofi, akwai wuraren da ruwan ke kurɗawa ƙarƙashin hanya, kuma mai buɗe ƙofa a sama bai san da mutum a ƙasa ba. Ba wurin horo ba ne.

Dam ɗin ma yana da nasa. An kammala Bakolori a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya gina, tafkin ya mamaye kimanin hekta 8,000, yana ɗaukar ruwa cubic mita miliyan 450, kamar yadda injiniyoyi ke aunawa. Abin da ya shafe gonaki ne da ƙauyuka da itatuwa, rigimar diyyarsu ce ta kai ga zubar da jinin manoma a Afrilun 1980. Ga mai iyo, wannan tarihin yana nufin ƙasan ruwan ba shimfiɗa ba ne: akwai kututture, akwai rami. A sama kuma ga ragar masunta da ƙugiyoyin mamari. Don haka kafin komai ya je ya gaida masuntan wurin da Sarkin Ruwansu, su nuna masa inda ba su shimfiɗa raga. Ya nisanci bangon dam da ƙofofinsa baki ɗaya. Ya ɗaura wata 'yar jarka rawaya maras komai a ƙugu da igiya mai tsawon hannu biyu, tana binsa a baya: in jijiya ta ɗaure ya rungume ta, na gaɓa kuma suna hango shi. Masuntan Argungu da gora suke yin wannan aikin tun kafin a san jarka. Ranar doguwar Juma'a, ya biya wani yaron masunta ya bi shi a kwale-kwale.

Abin da ya fi damun mai wannan fili shi ne tsargiya, kuma a nan ne shawarar yawaita shiga take da haƙori. Tafkuna da hanyoyin noman rani gidan katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar cutar ne, ƙwayar kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Shiga uku ta fi shiga ɗaya haɗari, wannan lissafi ne mai sauƙi. Abin da ke rage shi: katantanwar ta fi sakin ƙwayoyin da rana tsaka, kuma ta fi zama a gefe mai ciyawa da ruwa kwance. Wanda ya shiga da hantsi kafin rana ta take, a wuri mai tsakuwa, ya fita cikin rabin awa, ya fi wanda ke kai wa azahar yana jiƙe kwanciyar hankali, ko da yake babu wanda ya tsira ɗari bisa ɗari. Ya riƙa kai fitsari asibiti a duba, kada ya jira sai ya ga jini. Maganin, firazikwantel, sananne ne, ana raba shi ma a makarantu, amma likita ne zai auna masa gwargwadon nauyinsa. Ko a Faris ɗin da ya kalla, sai da aka ɗage tseren maza da kwana ɗaya, daga 30 zuwa 31 ga Yulin 2024, saboda ƙazantar Kogin Sen.

Rashin wurin iyo na zamani ba sabon abu ba ne ga ɗan Afirka. Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini ya je Olamfik na Sidni a 2000, shekarar da gasar nan mai hawa uku ta fara shiga wasannin, bayan 'yan watanni kacal yana koyo a ƙaramin kwamin wani otal a Malabo. Bai taɓa ganin kwami mai mita 50 ba sai a can. Ya yi mita 100 cikin minti 1 da daƙiƙa 52, yana neman nutsewa a ƙarshe, duniya ta yi ta dariya da tafi. Bayan shekara huɗu yana yin ta ƙasa da daƙiƙa 57, daga baya ya zama mai horar da 'yan iyon ƙasarsa.

Shekarar tela ba ɗaya take ba, ruwan ma haka. Da hunturu, Disamba da Janairu, ya rage tsawon shiga ya bar yawanta, ya tafi da busasshiyar riga. Da damina ta yi nisa, ruwa ya yi ja, ana sakin ƙofofi, ya koma kan keke da gudu da tiyub. Makonnin ɗinkin Sallah kuwa, lokacin da ake kwana a shago, doguwar Juma'a ce za ta fara tafiya, gajerun biyu su tsaya in hali ya yi. Cikin azumi kuma ya tambayi malaminsa, tunda ruwa kan wuce maƙogwaro ba da niyya ba. Idan 750 ta fara zuwa ba tsayawa, ya ware kuɗin mota sau ɗaya zuwa Sakkwato, ya nemi otal mai kwami, ya tambayi tsawonsa. In mita 25 ne, zuwa talatin zai yi, wani ya riƙe masa agogo.