Ruwan Faya: Amsa ga Mai Sauraro daga Maraɗi

Wata mai sauraronmu daga Maraɗi tana tambaya: mene ne amfanin ruwan da jariri ke kwance a cikinsa, kuma daga ina yake zuwa?

To Malama, sannu da ƙoƙari. A farkon ciki, ruwan faya daga jikin uwa yake tsatsafowa. Bayan kamar mako 20 kuwa, mafi yawansa fitsarin ɗan tayin ne. Kada ki ji ƙyama, tsaftatacce ne. Ɗan tayin yana haɗiye shi, yana shaƙarsa, da haka huhunsa da hanjinsa ke ƙwari. Ruwan ne kuma ke tare masa bugu, ya hana cibiya matsewa, ya ba shi sararin juyawa. Wajen mako 34 yakan kai kimanin mililita 800, daga nan ya fara raguwa.

Idan hoton ciki ya nuna ruwan ya yi yawa, likita kan duba ciwon suga.

Abin da nake roƙonki shi ne, in faya ta fashe kafin mako 37, ko kika ga ruwan ya yi kore ko yana wari, kada a tsaya jiƙe-jiƙe a gida. A nufi asibiti nan take, ko naƙuda ba ta taso ba.