Kwana cikin mota a Mafaza: yadda za a shigar da iska ba tare da ƙwaro ya biyo ta ba

Tambaya: Ni direban Hiace ne. Yaƙi ya taso mu daga Madani a Disambar 2023, muka sauka wajen dangi a Mafaza. Gida ya cika, sai na cire kujerun baya, ni da maiɗakina da yara uku muke kwana a motar. Saboda sauro muna rufe gilasai ruf. Da asuba mu tashi da ciwon kai, jiki a mace, gilashi na ɗigar ruwa, katifa har ta fara wari. Mene ne abin yi?

Amsa: Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina, ya mai da kowa ɗakinsa.

Abin da ke sa ku ciwon kai numfashinku ne da kuke ta maimaitawa. Cikin Hiace, ko da an cire kujeru, bai wuce mita kubik 6 zuwa 10 ba. Babban mutum yana barci yakan fitar da kusan lita 15 na iskar kabon dayoksaid a kowace awa. Ku biyar, da yaran, a ƙiyasce lita 50 ke nan. Da motar ba ta da 'yan kafofin da iska ke silalewa ta jikin ƙofofi, da awa ɗaya ta isa wannan iska ta ninka yadda take a waje fiye da sau goma. Kafofin ne suka sa abin ya tsaya a ciwon kai da kasala. Ruwan da kake gani a gilashi shi ma daga jikinku yake: numfashi da gumin mutum biyar a dare guda sun kai lita ɗaya ko fiye. Ba shi da mafita, sai ya kwanta a gilashi da ƙarfe, ya gangara ƙarƙashin katifa, ya haifi fumfuna da tsatsa.

Kafin mu je ga gyara, akwai tambayar da ba ka yi ba, kuma ta fi wadda ka yi nauyi. Shin uwargida tana shiga da murhun gawayi cikin motar? Na san al'adar ƙasar: shayin safe, gahawar jabana da yamma, turaren wuta kafin a kwanta, duk a kan gawayi. Idan ruwa ya tsuge, babu abin da ya fi sauƙi kamar a ɗauko murhu a ajiye tsakanin ƙafafu a ja ƙofa. Gawayin da ya ruru ya daina hayaƙi yana ci gaba da fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Tana kama jini fiye da sau 200 a kan yadda iskar da muke rayuwa da ita ke kama shi. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da mutuwar jiki, shi ya sa a wurinmu akan ce zazzaɓin cizon sauro ne a sha magani a koma a kwanta. Wanda ke barci kuwa ba ya jin komai. Ga yadda za ka bambance: in duk mutanen motar sun tashi da ciwo iri ɗaya a lokaci ɗaya, kuma aka fita waje ya lafa, to ba sauro ba ne. Gawayi, risho da gas, ko ɗaya kada ya ci wuta a cikin motar, komai ruwa komai sanyi. Haka kada a bar inji yana aiki ana barci don a sha sanyin na'ura; salansar tsohuwar mota takan huje, hayaƙi ya bi ta ƙasa ya shigo. In akwai janareta, a kai shi nesa da aƙalla mita 6, bakin hayaƙinsa na kallon wani gefe. Tukunyar gas ma a waje za ta kwana, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake taruwa, daidai inda yara ke shimfiɗa.

Ban ga laifinka ba kan rufe gilashi, don a bakin kogin Rahad, inda kuke, ba sauro kaɗai ake gudu ba. Jiharku ta Gadarif na cikin wuraren da cutar kala'azar ta fi yi wa katutu a duniya. Mai yaɗa ta wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da bai kai rabin sauro ba, ba ya kuka a kunne, yana ɓuya a tsagar baƙar laka da gindin aduwa da itacen da Larabawan yankin ke kira ɗalha. Ya fi cizo daga faɗuwar rana, musamman tsakanin Maris da Yuni, wato daidai lokacin da zafi ke hana mutum rufa. Ƙanƙantarsa ta sa yana iya ratsa raga mai manyan idanu. Amma rufe mota ruf don gudunsa, an gudu ne ba a tsira ba.

Iska ba ta zagayawa sai tana da mashiga da mafita. Taga ɗaya a buɗe ba ta yin wani abin kirki in dare ya yi tsit. Iska mai ɗumi sama take yi, don haka mafita ta kasance a sama, mashiga a ƙasa, kuma su yi nesa da juna, ɗaya gaba ɗaya baya, yadda iskar za ta bi ta kan masu barci. Abin da za ka iya yi yau ba tare da ka kashe kuɗi sosai ba shi ne ka sauke gilasan gaba biyu kamar faɗin tafin hannu, ka zuge tagar baya gaba ɗaya. Ka yanka gidan sauro mai magani, ka kai wa tela ya ɗinka shi kamar jaka, a zura wa ƙofar gaba daga sama sannan a rufe ta, ragar ta kama ciki da waje. Tagar baya a manne mata raga da maganaɗisu ko a yi mata firam na katako. Ka duba kusurwoyi da kyau, nan ne ake barin kafa. Raga mai ƙananan idanu tana rage iska ƙwarai, saboda haka a faɗaɗa buɗin, kuma a riƙa kakkaɓe ƙura daga jikinta. Duk da wannan, a ɗaura wani gidan sauron a ciki a kan shimfiɗa.

In motar za ta daɗe tana zama ɗaki, ka nemi mai walda ya huda rufin ta baya, faɗin santimita 15 zuwa 20, tsakanin ƙarafan da ke riƙe da rufin, kada ya yanke ko ɗaya daga cikinsu. A shafe bakin yankan da fenti, a liƙe da silikon, a yi masa hula ta kwano mai tudu da ta zarce ramin ta kowane gefe. A ƙarƙashinsa a sa fanka mai aiki da bolt 12, irin na cikin kwamfuta, guda biyu, suna jan iska waje. A nan ne mutane ke yin kuskure: fankar da ke kaɗa iskar ciki tana sanyaya fata, amma gurɓatacciyar iskar tana nan inda take. Irin waɗannan ƙanana ba sa cin rabin amfa kowace, ƙaramin batir da farantin sola mai wat 50 sun ishe su har gari ya waye. Kada ka haɗa su da batirin tayar da mota, kuma a sa musu fis. Mashigar ƙasa kuma, in za a huda, a yi ta a gefen da babu salansa.

Rana kuwa, a nan zan yi magana babu sassauci. A watan Afrilu zafin Gadarif yakan haura digiri 40 a inuwa. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin yara ta Amurka a 2005 ya nuna cewa motar da aka ajiye a rana zafin cikinta yakan ƙaru da kusan digiri 22 a awa ɗaya, mafi yawansa a rabin awar farko, kuma ɗan sassauta gilashi bai canja komai ba. Jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Kada a bar yaro ya yi barcin rana a ciki, ko na minti goma, kuma a kulle motar in babu babba kusa, don yara na son shiga wasa. Ka kafa mata rumfa ta zana ko karan dawa, ka bar tazarar kamu biyu tsakaninta da rufin. Ka ɗaure ta da gaske: guguwar daminar 2021 ta yi ɓarna mai yawa a tantunan sansanin 'yan gudun hijira na Tunaidba, nan kusa da ku. Da rani iska daga arewa take zuwa, da damina daga kudu, sai ka juya mashigar ta fuskanci inda take fitowa. A ajiye motar a kan tudu mai tauri, nesa da tsagaggiyar laka da garken dabbobi. Katifa a ɗora ta kan katakai masu tazara, a shanya ta duk ranar da aka samu rana. In sama ta yi garau, ku manya ku kwana a waje kan gadon angarib cikin gidan sauro kamar yadda mutanen gari ke yi; duk mutum ɗaya da ya ragu a ciki, iska ce ta ƙaru wa sauran.

In yaro ya yi zazzaɓi fiye da mako biyu, yana ramewa, cikinsa na kumbura ta hagu, a kai shi asibiti a ce a gwada kala'azar. Tana warkewa da magani, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba suna rasuwa. In kuwa wata safiya aka tashi wani ya ƙi farkawa sosai, ko yana amai yana sambatu, a buɗe ƙofofi duka, a fito da kowa waje, a kwantar da shi ta gefensa, kada a ɗura masa ruwa ko madara. A garzaya da shi asibiti, kuma a gaya wa likita ƙarara cewa a rufaffiyar mota ya kwana.