Tasirin Hasken Rana a kan Ƙwayoyin da ke Tsarkake Ruwan Kwata

Ruwan da ke fita daga makewayi da kwatocin gari yana ɗauke da sinadarin amoniya, wanda asalinsa fitsari ne da ruɓaɓɓen abinci. In aka bar shi ya malala cikin kogi haka nan, yakan kashe kifi, ya haddasa yaɗuwar gansakuka. Masu raba ruwan da wannan dafi kuwa su ne wasu ƙwayoyin halitta da ake kira bakteriya, waɗanda ido ba ya iya gani.

Masanin nan haifaffen birnin Kiev, Sergei Winogradsky, shi ne ya fara ware su a shekarar 1890. Aikinsu hawa-hawa ne. Rukunin farko, Nitrosomonas, yakan juya amoniya ta koma naitirait; na biyu, Nitrobacter, ya juya naitirait zuwa naitiret. Daga nan wasu ƙwayoyin dabam, a inda babu oksijin, su mai da shi iskar naitirojin ta bi sararin sama.

Rukunan nan biyu ba sa aiki sai da oksijin, kuma a nan ne gizo ke saƙar. A kududdufan tace ruwa, gansakuka ce ke samar da oksijin ɗin, ita kuwa sai da hasken rana. Amma hasken da ke ciyar da gansakuka shi ne ke raunana ƙwayoyin, musamman shuɗin haske da haskoki masu gajeren zango da ke bayansa. A shekarar 1974 Hooper da Terry suka nuna cewa haske yana kashe ƙarfin Nitrosomonas na sarrafa amoniya, sai dai ɓarnar takan ragu muddin akwai amoniya a ruwan. Nitrobacter galibi ya fi jin jiki, don haka sai aikin ya tsaya a tsakiya, naitirait ya taru, alhali shi ma guba ne ga kifi. Abin da ke cetonsu shi ne inuwa: zurfin ruwa, da duhunsa, da curewa wuri ɗaya cikin dunƙulen laka.

Wani abin lura shi ne taruwar naitirait ba asara ba ce kullum. A shekarar 1995 masana a Delft ta ƙasar Holan suka bayyana aikin ƙwayoyin anamoks, masu haɗa amoniya da naitirait kai tsaye su fitar da iskar naitirojin ba tare da oksijin ba. Saboda haka ne wasu masu bincike ke gwada danne Nitrobacter da haske da gangan, don a bar wa anamoks abincinsu.