Shawara ga Masu Koyar da Gyaran Fuska

Malama, kafin ɗalibarki ta taɓa fuskar kowa, koya mata gane irin fata: mai maiƙo, busasshiya, ko mai saurin ƙaiƙayi. Dilkar da ta karɓi wata tana iya ƙona wata. Duk sabon haɗi a shafa kaɗan a bayan kunne, a jira awa 24. In wurin ya yi ja, a haƙura da shi. Kada a matse ƙuraje, domin baƙar fata tana saurin yin tabo. Kowa da tawul ɗinta. Da hunturu a rage gurza. Ki ja wa ɗalibarki kunne kan man bilicin: sitiroyid ɗin da ake sakawa a ciki yana sirantar da fata, makuri yana lalata ƙoda. Mai ƙurajen da suka yi ƙamari a tura ta asibiti.