Batirin Tabar Lantarki da Ma'anar Lambobin da Ke Jikinsa

Tabar lantarki wata 'yar na'ura ce da a ke zuƙa kamar sigari, amma ba a kunna ta da ashana. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ne ya ƙago irin wadda a ke gani yanzu, a cikin shekarar 2003. A yau ta iso Abuja, har ta shiga unguwanni irin su Durumi, inda a kan gan ta a hannun samari. Yawancin masu riƙe da ita sun san ƙamshinta da kuɗinta, amma kaɗan ne za su iya faɗin ma'anar lambobin da ke rubuce a jikin batirinta. Alhali kuwa waɗannan lambobi su ne ke nuna irin zafin da za ta yi, da daɗewar cajinta, da kuma ko za ta iya fashewa a aljihun mai ita.

Kada a ɗauki wannan darasi a kan cewa izini ne na shan ta. Yawancin ruwan da a ke zuba mata yana da nikotin, watau sinadarin nan da ke sa mashayin taba ya kasa bari. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙasashe 34 sun hana sayar da ita. Sai dai tun da ta riga ta shigo gari, wajibi ne iyaye, da masu shaguna, da masu sana'ar cajin waya su san abin da ke cikinta.

Sassanta da Yadda Ta ke Aiki

Manyan sassanta uku ne. Akwai batir, akwai wata siririyar waya da aka murɗe, sa'an nan akwai lagwani na auduga wanda ke jiƙe da ruwan tabar, kamar yadda lagwanin fitilar ƙwai ke shan kananzir. Idan an danna maɓalli ko an zuƙa, wutar batir ta kan bi ta cikin wayar nan, sai ta yi zafi, ruwan ya zama tururi. Saboda haka duk aikin na'urar ya rataya ne a kan zafin wayar, shi kuma zafin abubuwa uku ke sarrafa shi.

Domin a fahimce su da sauƙi, mai karatu ya tuna da tankin ruwa irin wanda a ke ɗorawa bisa ƙarafa a gidajen Durumi masu rijiyar burtsatse. Tsawon ƙarafan shi ke sa ruwa ya sauko da ƙarfi. Wannan shi ne misalin ƙarfin turawa na batir, wanda a ke aunawa da bolt, a kuma rubuta shi da harafin V. Girman tankin shi ne misalin yawan cajin da batir ke ɗauka, wanda a ke rubutawa da mAh. Ƙuncin bututu kuwa shi ne misalin turjiyar waya, watau yadda ta ke ƙin barin wuta ta wuce, ana kuwa auna ta da om. Yawan ruwan da ke kwarara ta bututun shi ne amfiya.

Lissafin Zafi

Batirin tabar lantarki na litiyam ne, ɗan'uwan wanda ke cikin wayar hannu. Idan ya cika caji yana da bolt 4.2, yawancin aikinsa yana yin sa a wajen bolt 3.7, in ya sauko kusa da bolt 3 kuwa ya ƙare ke nan. Wani malamin kimiyya Bajamushe, Georg Ohm, ya wallafa ƙa'idar da ta haɗa waɗannan ma'aunai a cikin 1827. Ƙa'idar ita ce: a raba bolt da om, abin da ya fito shi ne amfiya. In an ninka amfiyar da bolt kuma, sai a sami wat, watau ma'aunin zafin da wayar ke bayarwa.

Alal misali, ga waya mai om 1.5 a kan batir mai bolt 3.7. Za ta ja amfiya biyu da rabi, ta ba da wat 9. To, a cire ta a sa mai om 0.5, batir kuma yana cike. Yanzu za ta ja amfiya 8.4, zafin ya haura wat 35. In kuwa mai neman hayaƙi da yawa ya sa mai om 0.15, za ta nemi amfiya 28, zafin ya kusa wat 118. Batirin dai shi ne, ba a sāke shi ba, amma nauyin da aka ɗora masa ya ninka na farko fiye da sau goma. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin suna ganin ƙaramar lamba a jikin waya sai su zaci ƙaramin aiki ne. Ba haka ba ne. Ƙaramar turjiya babban bututu ce, ita ce ke kwashe tanki da gaggawa.

Shi ma bolt yana da tasa dabara. Idan aka ninka shi sau biyu, zafi ba sau biyu zai ninka ba, sau huɗu ne. A cikin 2015 waɗansu masana na Jami'ar Jihar Portland a Amurka sun gwada na'ura guda a bolt 3.3 da kuma bolt 5. A na farkon ba su ga sinadarai masu sakin fomaldihaid a cikin tururin ba, amma a na biyun sun same su. Fomaldihaid shi ne abin da ke cikin fomalin, ruwan da a ke adana gawa da shi a asibiti, kuma yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Ƙarin bolt ɗin bai kai biyu ba, amma ya ninka zafin wayar fiye da sau biyu. Haka nan idan lagwani ya bushe aka ci gaba da zuƙa, audugar ce ke ƙonewa, ɗacin da a ke ji a maƙogwaro alamarta ke nan.

Babbar Lamba Ba Ita ce Aminci Ba

Lambar mAh daɗewa kawai ta ke nunawa. Batir mai mAh 3,000 zai iya ba da amfiya biyu da rabi na tsawon minti 72 in an haɗa zuƙe-zuƙen wuri guda. Da za a ce ya ba da amfiya 28, ko minti 7 ba zai kai ba. Amma akwai wata lamba ta dabam wadda ta fi wannan muhimmanci, ita ce iyakar amfiyar da batir zai iya bayarwa ba tare da ya yi zafi fiye da kima ba. Waɗansu iyakarsu amfiya 10 ce, waɗansu 20. Sau da yawa batirin da ya fi ɗaukar caji shi ya fi ƙarancin wannan iyaka.

Akwai kuma na jabu. Batirin da a ke kira 18650, saboda kaurinsa milimita 18 ne tsawonsa kuma 65, na kirkinsa bai cika wuce mAh 3,500 ba. Duk wanda ya ga an rubuta 9,900 a jikin irinsa, to, ya tabbata ƙarya ce. Wanda ya yi ƙarya a wannan lamba kuwa, babu dalilin gaskata shi a sauran.

Shi kansa batir yana da turjiya a cikinsa, tana kuwa ƙaruwa idan ya tsufa. In an matsa masa sai ya yi zafi daga ciki, zafin ya haifi wani zafin, har ruwan cikinsa ya kama wuta. Da ya ke yana cikin bututun ƙarfe, wutar ta kan fito ta baki guda da ƙarfi, ta harba ƙarfen. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙirga fashewa da gobara 195 na tabar lantarki daga 2009 zuwa 2016, tare da raunuka 133. Kashi 62 cikin ɗari sun auku ne na'urar tana aljihu ko ana cikin zuƙarta. Batir tsirara a aljihu ɗaya da makulli ko kwabbai haɗari ne babba, domin ƙarfen zai haɗa bakunansa biyu, turjiya ta zama kusan babu. Saboda irin wannan haɗari ne tun 2015 hukumar jiragen sama ta duniya ta hana sa ta a cikin kayan da a ke lodawa a cikin jirgi, ta kuma hana cajinta a cikinsa.

Abin da Ya Shafi Durumi

Masu ƙera batirin litiyam sun ƙayyade cewa kada a yi masa caji a zafin da ya wuce digiri 45. A Abuja, cikin watan Maris, zafin rana kan haura digiri 35 a inuwa. Rumfar kwano da tsakar rana, ko gaban mota da aka rufe gilasai, sun fi haka nesa ba kusa ba. Idan an ɗauke wuta, jama'a kan kai kayansu wurin mai caji, inda a ke jera na'urori masu yawa a kan katako guda kusa da janareta da jarkar fetur. Tabar lantarki mai araha wadda ba ta da abin da zai yanke caji idan ta kai bolt 4.2 ba ta dace da irin wannan wuri ba, kuma mai rumfa yana da ikon ƙin karɓarta. A gida ma kada a bar ta a caji cikin dare, ko a kan katifa. Batirin da ya kumbura, ko ya loɓa, ko ledar jikinsa ta yage, ya gama aiki.

In tsautsayi ya auku wani ya ƙone, a cire masa tufar da ba ta manne da fata ba, a yi ta zuba ruwa mai tsabta a wurin har minti 20, sa'an nan a garzaya da shi asibiti. Kada a shafa ƙwai, ko manja, ko man goge baki. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Saura irin wadda a ke yarwa idan ruwanta ya ƙare. Ita ma akwai batirin litiyam a cikinta, sau da yawa kuma da sauran caji. Birtaniya ta hana sayar da irinta tun ranar 1 ga Yuni, 2025. A unguwar da a ke ƙona shara a bakin kwata, yara kuma suna tonon bola, kada a jefa ta cikin juji ko cikin wuta. A liƙe bakunan batirin da salatif, a ajiye shi cikin gwangwani da yashi, a inuwa, inda hannun yara ba ya kaiwa, har a sami masu karɓar tsofaffin batura.