INSHORAR MOTA DA RABON LAIFI IN AN YI HAƊARI
Bayani ga Hakimai da malaman ofisoshinsu na ƙasar Illela

Kowace ranar Lahadi, sa'ad da kasuwar Illela ke ci, hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Kware da Gwadabawa takan cika da motoci tun da asuba. Waɗansu na ɗauke da hatsi, waɗansu sun zo ɗaukar shanu da raƙuma da tumaki, waɗansu kuwa sun ƙetaro daga Birnin Ƙonni da albasa da wake. Ga babura, ga amalanke, ga garken dabbobi, duk a kan hanya guda. Inda abin hawa ya taru haka, ba a rasa karo. In kuwa an yi karo, mutanen ƙasa ba su kan fara da kotu ba, sai su nufi ƙofar Hakimi ko ta Dagaci, kowa yana cewa ɗan'uwansa ne da laifi. Saboda haka ya wajaba Hakimai da malamansu su san abin da doka ta ce game da inshora, domin kada talaka ya yi hasarar haƙƙinsa ta wurin sulhun da aka yi da kyakkyawar niyya amma ba bisa sani ba.

1. Mene ne inshora?

Inshora alkawari ne tsakanin mai mota da kamfani. Mai mota yakan biya kuɗi kaɗan kowace shekara, kamfani kuwa ya ɗauki nauyin biyan hasarar da aka ambata a cikin takarda in ta auku. Da yake masu biya suna da yawa, masu yin haɗari kuwa kaɗan ne a cikinsu, kuɗin jama'a ne ke rufa wa ɗaya asiri ranar da tsautsayi ya same shi.

Iri biyu ne aka fi sani. Na farko shi ne inshorar haƙƙin mutum na uku. Mai mota shi ne na ɗaya, kamfani na biyu, na uku kuwa shi ne wanda motar ta yi wa ɓarna: mai tafiya a ƙasa, ko mai wata mota, ko mai saniyar da aka buge, ko mai rumfar da aka rushe. Wannan iri ba ya gyara motar mai takardar ko kaɗan. Iri na biyu shi ne cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa haƙƙin na uku da gyaran motar mai ita, da gobara, da sata. Yawancin gardamar da ake kawowa gaban Hakimai daga rashin bambanta waɗannan biyu take tasowa. Sai a ga direba ya zo yana kuka kamfani ya ƙi gyara masa mota, alhali kuwa takardar da ya yanka ba ta taɓa yi masa wannan alkawari ba.

Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, akwai takaful, watau tsarin taimakon juna bisa ƙa'idodin Musulunci. An fitar da ƙa'idodinsa a Nijeriya a 2013, takardarsa kuma karɓaɓɓiya ce a wurin hukuma kamar kowace.

2. Abin da doka ta tilasta

Tilasta inshorar haƙƙin na uku ba sabon abu ba ne. An kafa dokarsa a 1945, ta fara aiki a 1950, tana maganar rai da rauni. Dokar Inshora ta 2003 ta ƙara da ɓarnar dukiya. A 2025 aka sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta tattara tsofaffin wuri guda, tilascin kuwa yana nan. Hukumar da ke lura da kamfanoni ita ce Hukumar Inshora ta Ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997.

Daga ran 1 ga Janairu 2023 hukumar ta yanka kuɗin shekara da iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya kamar haka:

Ƙaramar motar shiga: kuɗi N15,000, iyaka N3,000,000.
Babbar motar dakon kaya: kuɗi N100,000, iyaka N5,000,000.
Keke mai ƙafa uku: kuɗi N5,000, iyaka N2,000,000.
Babur: kuɗi N3,000, iyaka N1,000,000.

Kafin wannan shekara mai ƙaramar mota N5,000 yake biya, iyakar kuwa N1,000,000. Abin lura shi ne iyakokin nan na dukiya ne kaɗai. Maganar rai da rauni ba ta cikinsu. In ɓarna ta wuce iyaka, ragowar tana wuyan mai mota. Ƙaramar motar da ta lalatar da dukiyar N4,000,000, kamfani zai biya miliyan uku, mai ita ya nemo miliyan ɗaya.

Tun ran 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka ƙara tsananta binciken takardun inshora a hanyoyin ƙasa duka. Amma takarda ba ta da amfani in ta jabu ce. Akwai masu tsayawa kusa da wuraren yankan lasin suna sayar da takarda da araha, ba kamfanin da ya san da ita. Mai irin wannan yakan wuce shinge lafiya, sai ranar haɗari ya tarar ba kowa a bayansa. Kamfanonin inshora suna da rajista guda ta motocin da aka yi wa inshorar gaskiya, ana kuma iya bincika ta da lambar mota ta wayar hannu, in an buga *565*11#. Malamin da aka kawo wa magana ya fara da wannan bincike kafin komai.

3. Abubuwan da ke sa kamfani ya ƙi biya

Kamfani ba ya biya sai an cika masa kuɗinsa kafin haɗari. Alkawarin "zan kawo" ba inshora ba ne. Takardar da ta ƙare ko da kwana ɗaya ne ta mutu. Haka kuma akwai sharuɗɗa a jikin takarda waɗanda direbobi ba su kan karanta ba. Lalle mai tuƙi ya kasance da lasin mai rai wanda ya dace da irin motar. Ubangidan da ya bar karen mota ya ja babbar mota a bakin kasuwa, ya jefa kansa cikin hasara. Lalle kuma a yi aiki da mota bisa abin da aka rubuta: motar da aka yanka wa takardar shiga ta gida, in aka mai da ita ta haya tsakanin Illela da Sakkwato, an karya sharaɗi. Mai motar fasinja ya tabbata an ambaci fasinjoji a takardarsa, mai dakon kaya kuma ya sani inshorar motarsa dabam, ta kayan da ya ɗauko dabam.

Wanda ya sayi mota hannu, kada ya dogara ga takardar mai ita na farko. Alkawarin da wancan aka yi, ba da shi ba.

4. Abin da direba zai yi a wurin haɗari

Da fari ya tsaya. Gudu laifi ne na dabam, kuma yakan sa a ɗora wa mutum laifin da ba nasa ba. In yana tsoron taron jama'a, ya nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa ya ba da kansa. Na biyu, a kai masu rauni asibiti, gama rai ya fi mota. Na uku, a sanar da 'yan sanda ko jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, kada a kwana ba a yi ba. In hali ya yi, kada a gusar da motocin sai an auna wurin an zana taswirarsa; in tilas ne a buɗe hanya, a ɗauki hoto tukuna, a sa alama inda ƙafafun motocin suka tsaya. Na huɗu, a rubuta lambar ɗaya motar, da sunan direbanta, da sunan kamfaninta, da sunayen shaidu. Na biyar, a sanar da kamfani a rubuce cikin kwanakin da takarda ta ambata.

Akwai abu guda da direba ba zai yi ba. Kada ya amsa laifi da bakinsa ko da hannunsa, kada kuma ya yi alkawarin biya, sai kamfaninsa ya sani. Kusan kowace takardar inshora ta hana wannan, domin kamfani ne zai fid da kuɗin, yana da haƙƙin ya bincika da kansa. Jajantawa da ba da haƙuri hali ne na kirki, ba wanda ya hana. Sa hannu a takardar "ni ne da laifi" shi ne abin gudu.

5. Yadda ake raba laifi

Ba girman mota ke nuna mai laifi ba, ba kuma yawan rauni ba. Abin da ake tambaya shi ne: wa ya kasa yin hattarar da ta kamaci direba mai hankali? Ana duba ko kowa na hannunsa, watau dama, kamar yadda ake tuƙi a Nijeriya tun ran 2 ga Afrilu 1972. Ana duba wanda ya fito daga ƙaramar hanya bai tsaya ba, da wanda ya wuce wani a kan kwana, da wanda ya bi na gabansa kurkusa har ya buge shi ta baya, da wanda ya ajiye mota a kan titi da dare ba fitila ba alama. Tsawon sawun birki a kan kwalta yakan nuna gudu, rahoton jami'an duba lafiyar motoci kuwa yakan nuna ko birki ko taya sun lalace tun kafin karo.

Sau da yawa laifin na mutum biyu ne, kotu kuwa tana da ikon raba shi. A ɗauki misali. Babbar mota ta taso daga bakin iyaka da dare tana gudu fiye da kima, ta buge ƙaramar mota da aka ajiye rabinta a kan titi ba fitila. Gyaran ƙaramar N2,000,000, na babbar N400,000. Alƙali ya ga kashi uku cikin huɗu na laifin na mai gudu ne, kashi ɗaya na mai ajiyewa. To, kamfanin babbar mota zai biya mai ƙaramar N1,500,000. Kamfanin ƙaramar zai biya mai babbar N100,000. Abin da ya rage kowa ya ɗauki nasa, sai fa wanda ke da cikakkiyar inshora. Da a ce mai ƙaramar motar ya karɓi N200,000 a bakin hanya ya ce ya yafe, da ya zubar da abin da ya fi miliyan ɗaya.

Dabbar da mota ta buge dukiya ce ta mutum na uku, ana biyan ta in laifin direba ne. Amma makiyayin da ya saki garke a kan titi da dare ba mai kora, shi ma ana lissafa nasa sakacin.

6. Haɗari a ƙetaren iyaka

Takardar da ke aiki a Illela ba lalle ta yi aiki a Birnin Ƙonni ba. Saboda wannan ne shugabannin ƙasashen Afirka ta Yamma suka ƙulla yarjejeniya a Kwatano a 1982, suka kafa Kati Mai Ruwan Ƙasa, domin direban da ya yi ɓarna a wata ƙasa a biya ta hannun ofishin katin na can, ba sai an riƙe shi da motarsa ba iyaka. Kuɗin da aka yanka a 2023 ya haɗa da na wannan kati. Sai dai al'amuran iyaka sun sha canzawa: an rufe ta a 2019 aka buɗe a Disamba 2020, aka sake rufewa a 2023 aka buɗe a Maris 2024, Nijar kuma ta fita daga ƙungiyar ECOWAS ran 29 ga Janairu 2025. Don haka mai niyyar ƙetarawa ya nemi kamfaninsa ya tabbatar masa a rubuce cewa takardarsa ta game ƙasar Nijar. In ba haka ba, ya yanki ta can kafin ya shiga, gama a can ma inshora tilas ce. In haɗari ya auku, rahoton jandarmomi ko 'yan sandan ƙasar da abin ya faru shi ne abin dogara, dokarta kuma ita ake bi. Haka yake ga baƙon da ya yi karo a ƙasar Illela: a rubuta lambar katinsa da sunan kamfaninsa kafin ya koma.

7. Aikin Hakimi da malaminsa

Hakimi uban ƙasa ne, ba a raina sulhunsa. Aikinsa na fari shi ne kwantar da hankalin jama'a, ya hana a taɓa direba ko a ƙone mota. Amma yanke laifi na kotu ne. In an yi rasuwa ko mummunan rauni, lalle maganar ta je ga 'yan sanda, ko da dangi sun ce sun yafe. Yafewa ba ta hana magada karɓar abin da kamfani ya wajaba ya biya, in an bi hanya. In ɓarnar dukiya ce kaɗai, ana iya sulhu, amma a tambayi kowane ɓangare ko yana da inshora, a jira amsar kamfani kafin a rubuta yarjejeniya.

Malami ya buɗe littafi na musamman. Ya rubuta rana da lokaci da wuri, lambobin motoci, sunayen direbobi da masu motoci da shaidu, lambar takardar inshora da ranar ƙarewarta. Ya rubuta abin da kowa ya faɗa kamar yadda ya faɗa, kada ya ƙara ra'ayinsa. Ya taimaki wanda bai iya rubutu ba wajen aika wa kamfani takarda, ya ajiye kwafi. In kamfani ya yi ta jan rai ba dalili, a kai kuka sashen ƙararraki na NAICOM, ƙofar kotu kuma a buɗe take.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan bayani ga Dagatai da masu unguwanni, da shugabannin direbobi na tasha, da sarakunan kasuwa.

Tambayoyi domin nazari

(a) Mene ne bambancin inshorar haƙƙin na uku da cikakkiyar inshora?
(b) Babur ya lalatar da dukiyar N1,400,000, laifin duka nasa ne. Nawa kamfani zai biya, nawa ya rage a wuyan mai babur?
(c) Don me aka hana direba amsa laifi kafin kamfaninsa ya sani?
(d) Waɗanne abubuwa malami zai rubuta a littafinsa ranar da aka kawo maganar haɗari?