FILIN MANOMA: Abin da ke Sa Sarƙar Keke Zillewa

Da zarar kaka ta yi, kekunan manoman Tozai da sauran ƙauyukan Isa da Sabon Birni ba su da sauran hutu. Bisa keke a ke ɗauko wake daga gona, bisansa kuma a ke kai gero kasuwar Shinkafi ran Alhamis. To, ba abin da ya kai ɓacin rai kamar mutum ya danna feda cikin rairayi da kaya niƙi-niƙi, sarƙa ta zille masa. Wani har ya kan faɗi ya ji ciwo, kasuwa kuma ta watse bai isa ba.

Abu uku ke jawo wannan. Na fari, sarƙar ta saki. Sai a taɓa tsakiyarta da yatsa, in tana lilo sama da ƙasa fiye da rabin inci, a sassauta notunan ƙafar baya, a ja ƙafar baya kaɗan, a daidaita ta, sa'an nan a ɗaure. Amma fa kada a ɗame ta kamar tsarkiya, don ɗamewa ita ma tana cinye ta.

Na biyu, firiwil, watau ɗan farantin nan mai haƙora na ƙafar baya. In feda tana juyawa, sarƙa na tafiya, amma keke bai motsa ba, datti ne ya riƙe 'yan harsunan da ke cikinsa. A ɗura masa kananzir, a jujjuya, a bi shi da mai.

Na uku shi ne babba, watau cinyewa. Ƙasar Gobir ƙasar rairayi ce. In rairayi ya gamu da mai, sai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su yi ta cin ƙusoshin sarƙa har ta ƙara tsawo. Sarƙar da ta yi tsawo kuwa ba ta zama daidai cikin haƙora, sai ta riƙa hawansu tana gaigaye su, har su yi tsini kamar ƙaya.

Ga yadda a ke ganewa. Tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne a sabuwar sarƙa, watau gaɓa 24 inci 12 ke nan cif. Manomi ya ari rula wurin ɗan makaranta ya auna. In ta zarce da 1/16 na inci, lokacin sake sarƙa ya yi. In ta zarce da 1/8, lalle ta riga ta ci firiwil, sai a sake su tare. Wanda ya sa sabuwar sarƙa bisa cinyayyen firiwil ya yi gyaran gangar Abzinawa, gama zillewar ƙaruwa za ta yi. Cire gaɓa ɗaya kuma ba ya warkad da tsohuwar sarƙa, lilon kaɗai ya ke ragewa.

Saboda haka kowane mako a wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshi, a bari ta bushe, a ɗiga mai a kowace gaɓa, kana a goge bayanta da tsumma. Man da ke ciki shi ke aiki, na waje ƙura kawai ya ke tarawa. Manomin da ya auna sarƙarsa tun gero bai shiga rumbu ba, kuɗin sarƙa kaɗai zai biya. Wanda ya yi sakaci kuwa, sai ya haɗa da na firiwil, watakila har da na babban farantin feda.